Hannun Hagun Herminia

"Ɗaga shi kuma, Doña," in ji likitar, da sunan girmamawar da ake kiran dattijuwa da shi. "A hankali. Inda ya yi zafi ki tsaya."

Herminia Balderas ta ɗaga hannunta na hagu. Bai kai daidai kafaɗa ba ta ji wani abu ya soke ta kamar allurar da aka gasa a wuta, amma ta ƙara ɗagawa kaɗan, don kada a ce ta gaza.

"Na ce ki tsaya inda ya yi zafi."

"Ai bai yi ba tukuna."

"Fuskarki ta riga ta faɗa mini."

Likita Noemí Saldaña a unguwar ta tashi. Tana yarinya uwarta ta kai ta ajin akodiyon, kayan kiɗan nan mai kama da akwati mai zugazugi a tsakiya da maɓallai a gefe, da Herminia take koyarwa kyauta duk ranar Asabar a zauren coci, ta yi hutun makaranta guda tana fama, ta gudu. Ba ita kaɗai ba. Rabin mutanen yammacin birnin San Antonio sun taɓa zama a kujerun ƙarfen nan, kowa da akwatin aro a ƙirji, Herminia tana zagayawa tana gyara musu yatsu. Wasu sun zama makaɗa, wasu direbobi, wasu 'yan sanda. Duk inda ta gamu da su takan tambaye su me ya hana su dawowa.

Likitar ta juyo mata da hoton kafaɗar. "Kin ga nan? Jijiyar ta tsage, saura ƙiris ta rabu. In ta rabu sai tiyata, kuma a shekarunki ban yi miki alkawarin hannun zai dawo ya ja zugazugi ba. Ba zan ce ki daina kiɗa ba, na san iska ce za ta kwashe maganar. Amma wancan ya yi wa hannun nauyi."

Ta nuna bakin ƙofa, inda akwatin akodiyon yake ɗaure a kan ɗan amalanken cefane.

"Yau da la'asar akwai taro," in ji Herminia.

"Na sani. Babana ya goge takalminsa tun jiya."

Taron nata ne. Ita ta fara shi da 'yan tsirarun ɗalibai a ƙarƙashin wata bishiya a filin shaƙatawa, lokacin da samari suke cewa akodiyon kayan tsofaffi ne da mashaya. Ta bi makarantu, ta bi gidajen rediyo har aka ba ta awa guda ranar Lahadi da safe don a huta da nacinta. Yanzu motoci sukan zo daga garuruwan Laredo da Corpus. Kuma duk shekara ita take buɗewa da polka ta farko, kiɗan rawar nan mai sauri. Makon jiya, a wani bikin aure, hannun ya sake mata a tsakiyar waƙa, ta yi kamar igiyar kafaɗa ce ta zame.

"Akwai abin da kowa yake yi, Doña," likitar ta ce, ba ta dube ta ba.

"Kar ki faɗa."

"A cire muryoyin hagu. Zai rage nauyi, kuma iskar da za ki ja ba za ta kai ta da ba."

"A ajina kika koyi wannan?"

"A ajinki na koyi cewa mai yin haka ba ya shiga aljanna. Amma ni kafaɗa aka kawo mini."

Herminia ta saka rigarta ta sama da hannu ɗaya, ta ja amalankenta ta fita.

A cikin bas ta zauna gaba, ta riƙe akwatin tsakanin gwiwoyinta. Akodiyon gefe biyu ne. Dama ke rera waƙa, hagu ke da manyan muryoyin da suke riƙe ƙafar mai rawa. Tun da aka haɗa shi da bajo, babbar jitar nan mai kakkauran tsirkiyoyi, makaɗa suka sakar wa bajo aikin ƙasa, suka bar hagu yana barci. Daga baya ma suka shiga buɗe cikin suna kwashe muryoyin gaba ɗaya. Herminia ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da wannan. Ubanta a sansanin masu tsinkar auduga yake kiɗa, shi kaɗai a kan akwatin katako, ba bajo ba ganga, mutane suna rawa a dandarar ƙasa. In hagunsa ya tsaya, rawa ta tsaya. Haka ya koya mata, haka ta koya wa duk wanda ya zauna a gabanta. Takan ce akodiyon da aka cire wa hagu tsuntsu ne mai fiffike ɗaya. Ta faɗa a aji, ta faɗa a rediyo, ta faɗa a gaban waɗanda suka yi suna fiye da ita.

Bas ya iso tashar unguwarsu. Direban ya dube ta a madubi, ya sa hannu zai sauke mata matakala.

"Wuce, ɗana," ta ce. "Gaba zan sauka."

Shagon Nemesio Arredondo garejin bayan gidansa ne. Tun daga lungu ake jin ƙamshin kakin zuma da yake narkarwa don liƙe harsunan ƙarfen da suke ba akodiyon murya. Tsoho ne gajere, mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Babu wanda ya kai shi gyara a garin, kuma babu wanda ya kai shi cire muryoyin hagu. Saboda haka Herminia take kiransa mahauci. Ta taɓa faɗa a rediyo, sunan ya bi shi har kasuwa.

Ya ɗago kai ya gan ta tsaye a ƙofa.

"Ikon Allah. Wa ya mutu?"

"Ɗaga ƙofar sosai, mahauci, amalanken ba ya shiga."

"In wa'azi kika kawo, na je coci ranar Lahadi, an yi mini wanda ya ishe ni." Ya ɗaga ƙofar. "Wane harshe ne ya dushe? Kawo in gani. Na san ba don kyan fuskata kika zo ba."

Ta kwance akwatin, ta buɗe. Akodiyon ɗin ja ne, duk da jan ya koɗe inda haɓarta da hannunta suke gogawa. Da kuɗin ɗinkin masana'anta ta saye shi tana budurwa. Ta sa hannu biyu za ta ɗora shi a kan tebur, hagun ya ƙi, ta tare da gwiwa. Nemesio ya gani, ya karɓa ya ajiye.

A bango akwai kanta cike da ƙananan katakai masu jerin harsunan ƙarfe, duk muryoyin da ya ciro daga cikin akwatunan mutane. Herminia takan kira wurin maƙabarta. Yau ba ta dubi wajen ba.

"Ka cire," ta ce.

"Me zan cire?"

"Kar ka sa in faɗa sau biyu, Nemesio."

Ya sauke tabarau ɗin hancinsa ya goge da gefen riga. Fankar da ke kusurwa tana juyawa. Ta jira dariyarsa, ta ma shirya amsar da za ta ba shi tun a bas. Dariyar ba ta zo ba.

"Kafaɗar ce?"

"'Yar Saldaña ta ce saura ƙiris."

"Ina da wani ƙarami can, na wani yaron Laredo, an riga an kwashe cikinsa. Ki ara ki yi taron yau, naki ya zauna yadda yake."

"In hau gaban mutane da kayan aro? Su ce Herminia ta ɓoye nata a gida tana yaudararsu? Kuma gobe fa, da jibi? Kafaɗar ba ta aro ba ce."

"To, kaɗa mini shi tukuna."

"Ba ni da lokaci."

"Mahauci ma yakan dubi dabba kafin ya sa wuƙa. Kaɗa."

Ta zauna a kujerar da ya tura mata, ya taimaka mata da igiyoyin. Ta ja wata tsohuwar waƙa mai tafiyar hawainiya, irin wadda ake rufe rawa da ita a gonakin auduga. Dama ya ɗauki waƙar, hagu ya shigo ƙarƙashinta, mai nauyi, mai ɗumi, kamar takun mutum a ɗakin katako. Garejin ya cika. Matar maƙwabci da ke shanya ta tsaya da riga a hannu. Nemesio ya sunkuyar da kai, yatsansa ɗaya yana bugun tebur. Ba ta kai rabi ba zugazugin ya buɗe ya ƙi dawowa. Waƙar ta mutu da wani dogon nishi.

Nemesio ya ɗago kai.

"Babu mai yin wannan kuma," in ji shi. "Daga nan har bakin kogin iyakar ƙasa."

"Akwai 'yan ajina."

"Suna yi don kina kallonsu. Da sun shiga ƙungiya, nan suke kawo mini." Ya jawo akwatin gabansa. "Ki sani dai, ni ban taɓa cire wa wanda bai roƙe ni ba."

"Na sani. Ni ma ga shi na roƙa."

"Ki fita ki sha inuwa. Matata ta dama lemo."

"A gabana za ka yi."

Ya zare 'yan ƙusoshin da suke riƙe zugazugin da ƙaramin awartaki, ya jera su a murfin gwangwani. Gefen hagu ya rabu. Ciki fes yake, don ba ta taɓa barinsa a mota ko a rana ba. Ya kwance katakan muryoyin a hankali, ya ɗaga su kamar mai ɗaukar ƙwai. Sannan ya liƙe ramukan da suka bari da tef, don kada iska ta tsere. Herminia ta ɗora hannuwanta a cinya tana kallo, ba ta ƙifta ba. Aikin da ta yi shekaru tana zagi bai ɗauki lokacin dafa kofi ba.

Ya juya wajen kantar bango da katakan a hannu.

"Ba can ba," ta ce.

"Kwali nake nema, baiwar Allah. Kin cika zargi." Ya ciro kwalin takalmi, ya shimfiɗa tsumma mai laushi, ya kwantar da su. "In kafaɗar ta warke, ki kawo in mayar."

"Ba za ta warke ba."

"To ki ajiye su a ƙarƙashin gado, ki riƙa yi musu hira."

Da ya rufe ya miƙa mata, ta ɗauka da ƙarfin da ta saba, sai akwatin ya taso da sauri har ya bugi haɓarta. Ta ja zugazugin. Ya zo mata cikin sauƙi, kafaɗar ta yi ƙorafi kaɗan ta yi shiru. Dama ya rera, siriri, mai kaifi. Yatsunta na hagu suka danna maɓallansu kamar kullum. Ba abin da ya fito sai ƙwas, ƙwas.

Ta cire igiyoyin.

"Kin gaya wa Casimiro?" ya tambaya.

Casimiro Olvera ne mai kaɗa mata bajo. Ita ta riƙe 'yarsa a coci ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna comadre da compadre. Ranar da ya fara bin ta, ta gindaya masa sharaɗi: ƙasa nata ne. Ya tsaya a ƙananan tsirkiyoyi ya yi mata rakiya, kada ya taɓa manyan, don muryoyi biyu masu kauri ba sa zama a waƙa ɗaya. Ya ce to, kuma bai taɓa saɓawa ba.

"Yana da kunne," ta ce. "Zai ji."

"Herminia."

"Na ce zai ji. Nawa ne aikinka?"

"Ki daina ce mini mahauci a rediyo."

"Ya yi tsada. Zan aiko maka da tamale, alalen masarar nan."

La'asar ta yi, zafi bai sauka ba. Filin ya cika da kujerun naɗewa da hayaƙin nama. Ko'ina ka juya akodiyon ne: a cinyar tsofaffi, a ƙirjin 'yan mata, a bayan motoci, kowa yana gwada nasa, hayaniyar ta zama kamar ta kasuwar kaji. Herminia ta ratsa da amalankenta, ana tashi ana gaishe ta. Wata mata ta kawo mata jikanta ya nuna abin da ya koya. Herminia ta tsaya ta saurara har ƙarshe, ta ɗaga masa gwiwar hannu, ta ce ranar Asabar ya zo da wuri. Wani ɗan kasuwa mai tumbi ya yi ƙoƙarin ɓuya bayan matarsa.

"Na gan ka, Eleuterio. Akwatin cocin da ka ara yana nan lafiya?"

"Yana nan, Doña. Aiki ne ya yi yawa."

"Aikin cin nama. In ba ka kaɗawa ka dawo da shi, akwai masu jira."

Casimiro yana bakin dandamali yana ɗaure tsirkiya. Dogo ne siriri, tsohon mai raba wasiƙu, wanda maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba.

"Kin makara, comadre. Kin ci abinci?"

"Na ci."

Ya sunkuya zai ciro mata akwatin kamar yadda ya saba. Ta riga shi.

"Bari, zan iya."

"Yau kuma ƙarfi ya zo?"

"Ka kula da jitarka."

Ta so ta faɗa masa a lokacin. Bakinta ya buɗe, sai mai sanarwa ya kira sunanta, aka ɗauki tafi, ta hau.

Masu rawa sun riga sun jeru bibbiyu a kan simintin, yawancinsu masu furfura, maza da huluna masu faɗi, mata da takalman da ba a sawa sai irin wannan rana. Ta hango uban likitar a gaba da takalminsa mai sheƙi. A can baya, jikin wata bishiya, Nemesio yana tsaye. Bai taɓa zuwa taronta ba.

Ta gyara makirufo, ta ja polkar.

Dama ya fita da gudu, tsaf, ba tuntuɓe. Casimiro ya shigo a ƙananan tsirkiyoyinsa, sama-sama, ya bar mata wurin da ya saba bar mata. Wurin ya zauna fanko. Yatsunta na hagu suna ta aikinsu a kan maɓallan da ba sa magana, ita kaɗai take jin ƙwas ɗinsu a ƙirjinta. Waƙar ta yi ta yawo a sama kamar rufin da ba ginshiƙi.

Masu rawa suka taka, suka sake takawa, suna neman abin da za su ɗora ƙafa a kai. Layin da ya kamata ya zagaya ya cure wuri ɗaya. Uban likitar ya taka ƙafar matarsa. Wata tsohuwa ta tsaya cak, ta juyo tana duban lasifika, ko waya ce ta cire. 'Yan ajinta da ke zaune a gaba ba lasifika suke kallo ba. Hannunta na hagu suke kallo, yana motsi ba sauti. Ta ga lokacin da suka gane, ɗaya bayan ɗaya.

Tana iya tsayawa ta ce na'ura ce ta lalace. Da an yarda, don ba wanda zai ƙaryata ta a filin nan. Ta dubi Casimiro. Shi ma ya gane, ta gani a idonsa, amma hannunsa yana nan inda ta ajiye shi shekaru da dama da suka wuce. Yana jira.

Ba ta kawar da baki daga makirufo ba.

"Sauko ƙasa, compadre," ta ce, filin duka ya ji. "Na cire nawa. Riƙe mana."

Ya sauko. Manyan tsirkiyoyin suka yi gurnani, bugu na farko ya faɗi daidai inda ƙafafu suke nema. Layin ya warware ya fara zagayawa. Da farko a tsanake ya yi, bugu da amsa, bugu da amsa. Da suka shiga zagaye na biyu sai ya fara tafiya tsakanin bugun, yana hawa yana gangarowa, yana zuwa ya tarye ta a ƙarshen kowace gaɓa kamar wanda ya san hanyar tun da daɗewa. Herminia ba ta taɓa jin wannan daga hannunsa ba. Ta saki dama ya bi shi. Kafaɗar tana ciwo, amma irin ciwon da ake iya zama da shi. Ta ƙara zagaye ɗaya a kan yadda ta saba, don ta ji abin da zai yi, ya kuwa yi wani sabo.

Da suka tsaya aka yi tafi mai tsawo. Wasu daga cikin 'yan ajinta ba su tafa ba, suna zaune da akwatunansu a cinya, ba su san me za su yi da fuskarsu ba. Ta matso da makirufo.

"Ku na gaba, ku rufe baki kada ƙuda ya shiga. Ni tsohuwa ce, kafaɗata ta ƙare. Ku naku lafiya lau suke. Ranar Asabar da hannu biyu za ku zo mini."

Aka yi dariya, su ma suka yi. Ta juya baya ga jama'a kamar mai gyara igiya. Casimiro yana goge wuyan jitarsa da hankici.

"Da kin faɗa mini tun a ƙasa," ya ce.

"Da na faɗa." Ta dubi jitarsa. "Tun yaushe kake da wannan a hannunka?"

"Tun kafin in san ki."

"Ba ka taɓa nuna mini ba."

"Ba ki bar wuri ba, comadre."

Ta dube shi, ta dubi masu rawa da suka tsaya bibbiyu ba wanda ya koma kujera. Ta zura hannun hagu cikin igiyarsa.

"To ga wuri nan," ta ce. "Wace kake so mu yi?"

Casimiro ya tsaya da hankicin a hannu. Ba a taɓa tambayarsa ba, sai da ya yi tunani.